Idan mai ya ƙi hawa: yadda ake gano matsalar famfo a injin ƙaramin jirgin sama mai rimot

Ranar wata Asabar cikin Janairu, hazo ya rufe gari, ɗan yayata ya iso filin da muke tashin jirage a bayan gari da jirginsa mai injin fetur cc 35. Tun farkon damina jirgin yake rataye a gareji. Muka ɗaure shi, aka murza farfela, injin ya kama da kyau, ya yi kamar minti biyu yana ruri, sai murya ta fara sirancewa, ya ɗauke. Aka sake tayarwa, ya sake yin haka.

"Kawu, famfon ne ya mutu," in ji shi. "Na ma riga na yi odar sabuwar kafireta."

Na ce ya ɗan saurara. Na kifa jirgin, na kama tiyon da tanki ke shan iska ta cikinsa, na sa baki na hura. Ko motsi. Da muka yanke bakin tiyon sai ga busasshiyar laka cunkushe a ciki, zanzaro ya yi gini. Famfon lafiyarsa ƙalau, yana ta ja ne daga tankin da aka toshe wa hanci. Wannan ne ya sa nake rubuta jagorar nan. A cikin jiragen da aka kawo mini da sunan famfo ya mutu, mafi yawa laifin yana wani wuri a kan hanyar mai, kuma wanda ya fara da warware kafireta yakan ƙara wa kansa matsala ta biyu a kan ta farko. Daga waje ake farawa a shiga ciki, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya.

Famfon da ba ka ganinsa

Mai gyaran babur ko ƙaramin janareto ya saba da kafireta mai kofi a ƙasa: mai yana gangarowa daga tanki, ya taru a kofi, inji ya zuƙa. Wannan tsari ba zai yi aiki a jirgi ba, domin jirgi yana kifewa, yana miƙewa tsaye, yana wulƙitawa. Shi ya sa injunan fetur na ƙananan jirage, irin su DLE da DA da Zenoah, suke amfani da kafireta mai tantani, irin ta Walbro ko kwaikwayonta. Ita ce dai kake gani a jikin injin yankan katako da injin yankan ciyawa.

Famfon yana cikin kafiretar. Ba shi da waya, ba shi da batir. Wani siririn tantani ne, wanda makanikai ke ce wa dayafaram, an yanka masa 'yan harsuna biyu a jiki. Abin da ke motsa shi numfashin injin ne. In fistin ya hau sama, ɗakin da ke ƙarƙashinsa yakan zuƙi iska. In ya sauko, ya matse ta. Akwai wata 'yar kafa da ke ɗauko wannan zuƙa da hurawa ta kai su bayan tantanin, sai ya riƙa lotsawa yana tasowa. Harshe ɗaya ya buɗe mai ya shigo, ɗayan ya buɗe mai ya wuce gaba, babu wanda ke barin mai ya koma baya. Injin da ke juyi 7,000 a minti yana kaɗa wannan tantani fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya.

Daga nan mai yakan ratsa wata 'yar raga mai laushi, ya isa bakin wata allura da sifirin ke dannewa. A ɗaya gefen kafiretar akwai tantani na biyu, na awo. In inji ya zuƙi mai, wannan tantanin yakan lotsa ya danna wata 'yar liba, libar ta ɗaga allura, mai ya shigo daidai wanda aka sha.

To ka ga abu huɗu famfon ke bukata: mai ya iso gare shi ba tare da iska ba, numfashin inji ya iso bayansa, harsunansa su rufe ruf, ƙofar da ke gabansa kuma ta buɗe. Ko wanne ya ɓaci, alamar da za ka gani ɗaya ce, mai ba ya hawa.

Kafin ka taɓa komai

Kashe wutar fulogi, ka zare batirinta gaba ɗaya. Injin fetur mai wutar lantarki yana iya kamawa da ɗan juyi kaɗan, farfela mai inci 20 kuma ba ta san yatsan mai ita ba. Ɗaure jirgin ta wutsiya a turke mai ƙarfi, ko wani babba ya riƙe. Yara su koma baya, kada kowa ya tsaya a gefen farfela ko gabanta. Cire murfin hancin jirgin domin ka riƙa ganin tiyo daga tanki har kafireta. In za ka buɗe kafireta, kada ka yi a fili cikin ƙurar hunturu. Koma gida, ka shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti, ka yi aikin a kai.

Mataki na 1: shin matsalar ta mai ce?

Ɗiga fetur mai haɗi da man 2T kamar ɗigo biyar a maƙogwaron kafireta, ka mayar da batir, ka kunna wuta, ka murza. In injin ya kama ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta lafiya, matsin fistin lafiya, mai ne ba ya zuwa. In ko tari bai yi ba, ka bar famfo ya huta, ka koma kan fulogi da batir da na'urar wuta. Na sha ganin an yi wa kafireta fata-fata alhali batirin wuta ne ya yi sanyi.

Zare fulogin ka duba. In ya fito a jiƙe sharkaf, mai yana zuwa har ya yi yawa, wannan kuma wata matsala ce da za mu iske a gefen allura. In ya fito a bushe bayan ka yi ta murzawa da cok a rufe, ci gaba.

Yadda injin ke mutuwa ma yana ba da labari. Wanda ke kamawa da cok kawai, in an buɗe ya ɗauke, yunwa yake ji tun daga tushe. Wanda ke sulo lafiya amma in an ba shi totur ya shaƙe, mai yana zuwa amma bai isa ba, ka zargi raga ko tantanin da ya ƙandare. Wanda ke yin minti biyu ko uku sannan ya sirance, ka zargi hancin tanki. Wanda ba ya mutuwa sai in jirgi ya ɗaga hanci ko tanki ya yi rabi, matsalar tana cikin tanki.

Mataki na 2: zuba wa tiyo ido

Kashe wuta. Rufe cok, ka buɗe totur kamar rabi, ka riƙa murza farfela kana kallon tiyo. Ya kamata ka ga mai yana matsowa kaɗan-kaɗan da kowace murzawa, kuma in ka tsaya ya tsaya inda yake.

In yana matsowa sannan ya zame ya koma baya, akwai inda iska ke shiga, ko harsunan famfo ba sa rufewa. In kana ganin kumfa jere a cikin tiyo, iska na shiga daga baya, tsakanin tanki da kafireta. In ko gezau bai yi ba, leƙa cok ɗin tukuna. Sau da yawa sandar da ke jan cok ba ta kai shi ƙarshe ba, ya bar ɗan sarari. A saurin hannu famfon da ya bushe ba shi da ƙarfi, zuƙar cok ce ke jawo man farko. Toshe bakin kafiretar da babban yatsa ka sake murzawa. In mai ya taho yanzu, cok ɗinka ne ke buƙatar gyara.

Mataki na 3: raba gardama da kwalba

Wannan shi ne gwajin da na fi so, domin yana raba matsalar gida biyu cikin minti biyar. Cire tiyon tanki daga kafireta. Samo sabon tiyo mai tsawon taƙi ɗaya ko biyu, ka saka baki ɗaya a kafireta, ɗayan a cikin 'yar kwalba mai tsabtataccen fetur mai haɗi. Ɗaure kwalbar da kyau daidai tsayin kafireta, nesa da salansa da farfela, sannan ka tayar.

In injin ya yi aiki lafiya daga kwalba, ka wanke famfo daga zargi, je ka mataki na 4. In ya ƙi, tsallaka zuwa na 5.

Mataki na 4: tanki da tiyo

Fara da hancin tanki. Hura ta tiyon shan iska, ka ji ko iskar na wucewa ba tare da turjiya ba. Ban da zanzaro, tiyon kan lanƙwashe a inda ya ratsa katako, ko mutum ya toshe shi don kada mai ya zuba a mota ya manta bai cire ba.

Sannan ka fito da tankin. A cikinsa akwai tiyo mai laushi da ɗan ƙarfe mai nauyi a baki, wanda ni guga nake ce masa, domin shi ke bin mai duk inda ya kwanta. Girgiza tankin ka ji yana ƙwanƙwasa bango. In shiru, ko dai tiyon ya ƙandare ya tsaya cak, ko gugan ya wuntsulo gaba ya maƙale bayan wata sauka mai ƙarfi, ko ya faɗi daga bakin tiyon gaba ɗaya. Kada gugan ya taɓa bangon baya, a bar masa ɗan sarari, in ba haka ba zai manne ya toshe kansa.

Duba irin tiyon da kyau. Tiyon silikon na injin metanol ne. In ya sha fetur yakan kumbura, ya yi laushi, ya saɓule. Fetur yana son Tygon, wanda aka fi gani ruwan ɗorawa, ko baƙin Viton. Haka ma robar da ke toshe bakin tanki, akwai ta fetur akwai ta metanol. Tygon ɗin ma ba ya dawwama, yakan taurare, musamman in an bar tanki a bushe cikin zafin Maris da Afrilu. Ni duk shekara nake canza na cikin tanki, ko ya nuna alama ko bai nuna ba. Na san masu amfani da tiyon ƙarin ruwa na asibiti saboda shi ke kusa. Zai yi maka mako biyu, sannan ya zama kamar kara.

Kafin ka mayar da tanki, toshe duk bakunansa ban da ɗaya, ka nutsa shi a bokitin ruwa, ka hura. Duk inda kumfa ta fito, nan ne ɓarakar. Siririn bututun tagulla da ya ratsa robar bakin tanki yakan tsage saboda girgiza, kuma ido ba ya ganin tsagar sai a ruwa. Ɗaure bakin kowane tiyo da siririyar waya. In akwai bawul na zuba mai ko filta a kan hanya, cire su ka gwada ba su, domin nan ma iska na yawan shiga.

Sai man da kansa. Zuba shi a farar kwalba ka ajiye minti goma. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. Man bumburutu da ya kwana a galan a buɗe bai dace da wannan kafireta ba. Duk wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur mai yawan metanol ya yi wa motoci a farkon 2022 ya san abin da mugun mai ke iya yi wa roba, ballantana tantanin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Tace mai kafin ya shiga galan, ka sake tacewa kafin ya shiga tanki. Haɗin kuwa ka bi littafin injinka. DLE na neman 30 bisa 1, wato kusan mililita 33 na man 2T a kowace lita ta fetur.

Mataki na 5: hanyar numfashi

Kafin ka kwance murfin famfo, cire kafiretar daga jikin inji ka kalli fuskarta ta baya. Kusa da babban maƙogwaro za ka ga wata 'yar kafa. Ita ce ke kai numfashi. Dole ta yi daidai da huji a jikin gasket, da huji a jikin tubalin roba da ke raba kafireta da zafin inji. A nan mutane da yawa ke faɗawa. Gasket ɗin yana iya zama ta fuska biyu, ramukan sukuru su yi daidai, amma hujin numfashi ya koma ɗaya gefen. Inji zai kama da cok, ya mutu, ya kama, ya mutu, har ka gaji. Haka in an shafa gam ɗin gasket, yakan matso ya cike kafar. Kada ka sa gam a nan ko kaɗan. In ka yanka gasket da hannunka, tabbatar ka huda wannan kafa.

Don ka tabbatar numfashin na isowa, ɗiga ɗan baƙin mai a bakin kafar ta gefen inji, ka juya farfela. Za ka ga ɗigon yana shiga yana fita. A wasu injuna numfashin ta wani ɗan tiyo yake bi daga waje, sai ka duba ko ya tsage ko ya saɓule.

Duba tubalin robar a haske. Yakan tsage in an ɗaure sukuru fiye da kima, tsagar kuma na sace numfashi tare da shigar da iska. In injinka mai kafireta a baya ne, a ƙarƙashin tubalin akwai wasu siraran ganyayyaki da ke buɗewa su rufe. Ɗaga su ga haske. In gefensu ya gutsure ko ba sa kwanciya sosai, matsin cikin inji zai ragu, famfo ya yi rauni, kuma za ka ga inji yana tofo mai ta bakin kafireta.

Mataki na 6: buɗe gefen famfo

Yanzu ne lokacin. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Murfin famfo shi ne wanda ke kusa da inda tiyon mai ke shiga, a yawancin ƙananan Walbro sukuru ɗaya ne babba a tsakiyarsa. Ɗaga shi a hankali, domin gasket da tantani sukan manne.

Ɗora tantanin a tafin hannu. Harsunan biyu ya kamata su kwanta shamal. In sun nannaɗe kamar busasshen ganye, ko tsakiyar tantanin ya yi jaka ya saki, ko yana ƙara kamar leda in ka lanƙwasa shi alhali na roba ne, ya gama aiki. Ɗaga shi ga fitila ka nemi huji. Za ka tarar da iri uku a kasuwa: baƙi na roba, mai ruwan ƙasa, da shuɗi mai kama da leda. Baƙin ya fi laushi da jan mai, shuɗin ya fi jure mugun fetur amma bai kai shi ja ba. Dubi fuskar ƙarfen da harsunan ke kwanciya a kai. Ƙwayar yashi ɗaya a nan ta isa ta hana harshe rufewa.

Sai ragar. Tana zaune a wani ɗan rami a wannan gefen, faɗinta bai wuce ƙwayar wake ba. Wani lokaci za ka same ta da tarin gashi-gashi kamar auduga, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce wadda ido ke gani fes alhali tsohon mai ya bushe ya yi mata wani siririn danƙo. Ciro ta da tsinin allura ta gefe, ka ɗiga mata fetur. In ɗigon ya tsaya a kai bai ratsa ba, a toshe take. Wanke ta ko ka sa sabuwa, amma kada ka mayar da kafireta ba raga.

Wani dattijo mai gyaran injin yankan katako a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ya nuna mini wannan. Na kai masa kafireta ina cewa na duba komai. Ya ciro ragar, ya ɗiga mata mai, ɗigon ya zauna a kai kamar raɓa.

"Ka gani, ɗana? Ruwa ba ya tsami banza."

"Baba, ai na duba ta a haske."

"Da ido ka duba. Mai ba da ido yake wucewa ba."

A wajen irinsu ne kuma za ka fi samun kayan gyara a Kaduna, ba sai ka jira saƙo daga Legas ko Caina ba. Lambar kafiretar tana buge a jikinta, misali WT da wasu alƙaluma. Kayan gyara masu lamba K10-WAT da K20-WAT suna shiga da yawa daga cikin jerin WA da WT, amma ka tafi da tsohon tantaninka ka ɗora a kan sabon, huji ya hau kan huji. Jabu sun yi yawa, araha kuma ba ta ado.

Mataki na 7: gefen awo da allura

Juya kafiretar. Murfin da ke da sukuru huɗu da ɗan huji shi ne na awo. Tantanin nan ya kamata ya yi laushi kamar tsohon yadi. In ya ƙandare ba zai iya danna liba ba, famfo zai yi ta turo mai ƙofa na rufe. A jirgin da ya daɗe a ajiye, wannan tantanin ya fi na famfo saurin lalacewa.

Danna libar da ɗan yatsa a hankali, ka ga ko allura na ɗagowa. Tsohon mai yakan manne ta a mazauninta. In za ka ciro ta, yi aikin a cikin farar leda, domin sifirin ɗin ƙarami ne ƙwarai, in ya yi tsalle ya tafi ke nan. Dubi tsinin allurar mai roba. In ya yi zobe a jiki, canza ta, ita ce ke sa inji ya cika da mai. Kada ka miƙe sifirin, kada ka yanke shi. Tsayin libar kuma a ƙa'ide yake, Walbro na da ɗan ma'auni na musamman don shi. In ba ka da shi, kuma tsohuwar libar ba ta ci ba, mayar da ita yadda take, kada ka lanƙwasa. In ta yi ƙasa inji zai yi yunwa, in ta yi sama zai ƙware.

Wajen wanki, cire duk roba kafin ka fesa maganin wanke kafireta. Kada ka zura waya a ƙananan ramuka, kuma kada ka kai ta wurin mai faci ya hura mata iskar kwamfuresa. Akwai wani ɗan bawul a cikin maƙogwaro da iska mai ƙarfi ke fasawa, in ya fashe inji ba zai sake yin sulo mai kyau ba.

Mataki na 8: haɗawa da gwajin matsi

Ga inda ake yawan kuskure, gefen biyu ba jeri ɗaya suke bi ba. A gefen famfo, tantani ne ke kwanciya a kan ƙarfen kafireta, sai gasket, sai murfi. A gefen awo, gasket ne ke fara kwanciya, sai tantani, sai murfi, kuma farantin ƙarfen da ke tsakiyar tantanin ya fuskanci liba. In ka sa gasket a ƙarƙashin tantanin famfo, harsuna ba za su sami abin rufewa ba.

Da ka haɗa, gwada ta kafin ka ɗaura. Tsohon abin awon hawan jini, mai agogo da ƙwallon matsawa, yana yin wannan aiki. Agogonsa yana kaiwa 300, wato kusan psi 6. Jiƙa cikin kafiretar da ɗan fetur, ka haɗa tiyon abin awon da bakin shigar mai, ka matsa har wajen 280, ka saki. Allurar agogo ta tsaya cak. In tana sauka, tsoma kafiretar a kofin fetur ka ga inda kumfa ke fita: ta gefen murfi gasket ne, ta maƙogwaro allura ce ba ta zauna ba. Sannan ka zura tsinken ashana ta hujin murfin awo ka taɓa tantanin a hankali. Matsin ya faɗi nan take. Wannan ya nuna maka ƙofar na buɗewa.

Allurorin saiti biyu, L ta ƙaramin gudu da H ta babban gudu, ka mayar da su inda littafin injinka ya ce. A yawancin waɗannan injuna wurin farawa yana tsakanin juyi ɗaya da ɗaya da rabi daga rufe. In kana rufewa don ƙirga, tsaya da zarar ta taɓa, kada ka matse. Kuma kada ka taɓa saiti inji na aiki, kashe shi tukuna.

Matsalar da sai a sama take fitowa

Akwai injin da ke yin komai daidai a ƙasa, amma da ya tashi sai ya riƙa tari ko ya canza murya in jirgi ya karkata. Sau da yawa iskar da ke shiga murfin hanci ce ke bugun hujin murfin awo, tana danna tantani yadda bai kamata ba. Maganinsa a liƙa ɗan bututun tagulla a hujin da dalma, bayan an cire murfin daga kafireta, a ja tiyo daga nan zuwa cikin jikin jirgi inda iska ke kwance.

Ɗayar kuma zafi ce. Da rana tsaka a watan Afrilu, in ka sauka ka kashe inji, zafin silinda yakan gangaro ya tafasa man da ke cikin kafireta. Famfo ba ya iya tura tururi. Ka ba shi minti goma sha biyar a inuwa zai kama. In abin na yawan faruwa, faɗaɗa mafitar iska a ƙasan murfin hanci, ta fi mashigar girma sosai.

In injinka na metanol ne

Yawancin waɗannan ba su da famfo sam, matsin salansa ne ke tura mai daga tanki, don haka tiyon da ya taso daga salansa shi ne farkon abin dubawa. Masu famfo kuwa iri-iri ne. Perry VP-30 da matsin cikin inji yake aiki, VP-20 kuma da girgizar inji, shi ya sa yadda aka ɗaura shi yake da muhimmanci. Babban abokin gabarsu man zurma ne da ke cikin haɗin, in ya kwana watanni yakan zama danƙo ya manne bawul. Tura sabon mai ta ciki da sirinji a hankali, ta hanyar da mai ke bi, ka bar shi ya jiƙa kwana ɗaya. Injunan YS da yawa tankin suke cika da matsi ta wani ɗan bawul mai hanya ɗaya. In an juya bawul ɗin, ko tanki na yoyon iska, ba za su yi aiki ba, kuma sai ka saki matsin kafin ka zuba mai. Kada fetur ko kananzir ko man feshin sassauta tsatsa su shiga cikinsu, domin suna lalata robar silikon da ke ciki.

Kafin ya sake tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk jirgin da aka taɓa masa hanyar mai, sai ya sha tanki guda cur a ƙasa kafin in yarda ya tashi, da murfin hanci a ɗaure kamar yadda zai tashi. Ba shi cikakken totur na rabin minti, ka saurara ko murya za ta sirance. Mayar da shi sulo na minti ɗaya, sannan ka buɗe totur da sauri, ya amsa ba tare da shaƙewa ba. In tanki ya kusa rabi, mutum biyu su ɗaga hancin jirgin sama daga baya, a ba shi wuta daƙiƙa goma, a sunkuyar da shi a sake. Tashin farko ka yi shi sama sosai kuma kusa da fili, yadda in ya ɗauke za ka iya saukowa da shi. Filin kuma ya zama nesa da gidaje, nesa da filin jirgin sama da sansanonin soja da suka kewaye garin nan, kuma da sanin hukuma da mai unguwar wurin.

Da an dawo gida, zuƙe man tanki, ka haɗa bakin tiyon shan iska da na zuba mai da ɗan guntun bututu, ka rufe cok, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin salansa. Ɗaura jan ƙyalle a tiyon da ka toshe don ka gan shi ranar fita. In damina ta hana tashi, fito da jirgin tsakar gida duk bayan mako biyu ko uku, ka ɗaure shi, ka tayar na minti biyar da sabon mai don tantanin ya jiƙa.